Kanjamau a Najeriya: Magani ya samu, saura sanin maganin

Fiye da shekaru 20 bayan da gwamnatin Najeriya ta fara raba magungunan cutar kanjamau, tambayar da ke damun ma'aikatan lafiya ta sauya.

A da, abin tambaya shi ne ko mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV zai sami magani kafin rai ya yi halinsa. Yanzu kuwa mutane fiye da miliyan ɗaya da rabi ne ke karɓar maganin, daga cikin kimanin miliyan 2 da hukumar UNAIDS ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta suna ɗauke da ƙwayar cutar a ƙasar.

Sai dai alƙaluman da hukumomi ke bayarwa kan tsaya ne a kan abubuwa uku: waɗanda aka gwada, da waɗanda aka ɗora a kan magani, da waɗanda ƙwayar cutar ta lafa a jininsu. Babu gurbin da ke nuna ko mutum ya san sunan maganin da yake haɗiya kullum, ko aikin da yake yi masa, ko abin da zai biyo baya idan ya daina.

Alhali kuwa magani ne da ake sha iya tsawon rai, galibi a ɓoye, ba tare da likita na kusa ba. Fahimtar mai shan sa ce kaɗai ke gadin sa.

Matsalar ta faro daga suna

A kafofin watsa labarai na Hausa an saba kiran waɗannan magunguna da "magungunan rage raɗaɗin cutar" ko "rage kaifin cutar". Sunan ya samo asali ne tun lokacin da ake ƙoƙarin fahimtar da jama'a cewa maganin ba ya warkarwa.

To amma sunan yana ɗauke da wata ma'ana da ba a nufa ba. Ga Bahaushe, maganin rage raɗaɗi shi ne irin wanda ake sha idan kai ko haƙori na ciwo, a ajiye shi idan ciwon ya lafa. Wanda ya ɗauki maganin kanjamau da wannan fahimta ba zai ga dalilin ci gaba da shan sa ba bayan ya murmure ya koma kasuwa ko gona.

Aikin maganin dabam ne. Ƙwayar cutar HIV tana shiga wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira CD4, ta mayar da su wurin hayayyafarta. Maganin yana toshe hanyoyin wannan hayayyafa ne, har yawan ƙwayar cutar a jini ya ragu matuƙa, garkuwar jiki ta farfaɗo.

Amma ba ya kai wa ga wadda ta ɓuya a cikin wasu ƙwayoyin jiki tana kwance. Da zarar an daina shan sa, cikin 'yan makonni kan isa ta sake bazuwa a jini, tun kafin mutum ya ji wani sauyi a jikinsa.

Ita kanta kalmar kanjamau tana da nata nauyin, domin hoton rama da ƙanjamewa take kawowa. A shekarar 2017 wasu masana harsuna da na lafiya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan, sun ba da shawarar a riƙa kiran HIV da "karya-garkuwa" a Hausa, a bar "kanjamau" ga matakin da cutar ta kwantar da mutum. Bambancin yana da muhimmanci, ganin cewa akasarin masu shan magani a yau ba su da wata alama ta rashin lafiya.

Daga Naira 1,000 zuwa ƙwaya guda

Shirin gwamnatin tarayya ya fara ne a shekarar 2002, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, da niyyar kula da manya 10,000 da yara 5,000 a cibiyoyi 25. Marasa lafiya na biyan Naira 1,000 a wata, kuma daga Indiya ake sayo magungunan. Zuwa ƙarshen 2003 magani ya yanke a cibiyoyi da dama, mutane suka yi watanni ba su samu ba. Sai a 2006 aka mayar da shi kyauta, bayan shigowar tallafin shirin PEPFAR na Amurka da na Asusun Global Fund.

Wani bincike da Zubairu Iliyasu da abokan aikinsa suka wallafa a 2005 kan marasa lafiya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya nuna yadda lamarin yake a wancan lokaci. Kaɗan ne ya haura rabi na waɗanda aka tambaya suka sha akasarin maganin da aka rubuta masu. Manyan dalilan su ne rashin samun maganin, da mantuwa, da rashin kuɗi. Binciken ya kuma gano cewa waɗanda suka yi karatun boko sun fi sauran kiyaye ƙa'idar shan sa nesa ba kusa ba.

Biyu daga cikin dalilan nan, wato ƙarancin magani da tsadarsa, sun ragu ƙwarai tun daga lokacin. Tazarar da ke tsakanin mai ilimi da wanda bai iya karanta takardar cikin kwali ba kuwa, ba abu ne da kuɗin tallafi ke gusarwa da kansa ba.

Maganin ma ya sauya. Na farkon, mai haɗe da stavudine da nevirapine, sau biyu ake shan sa a rana, kuma stavudine na sa kumatu su lotsa, ƙafafu su riƙa zugi. Daga baya aka koma mai efavirenz, wanda ake sha da dare saboda jiri da munanan mafarkai da yake haddasa wa wasu. Tun daga 2018 Najeriya ta fara komawa ga ƙwaya guda a rana da ake kira TLD, wadda ta haɗa tenofovir da lamivudine da dolutegravir.

Ke nan akwai mutanen da aka sauya wa magani sau biyu ko uku. Ga wanda ba a yi wa bayani ba, abin da ya gani kawai shi ne launin ƙwaya ko na roba ya canza. Hakan kuma na faruwa ko da maganin bai sauya ba, domin kamfanoni dabam-dabam ne ke yin TLD, kowanne da irin kwalinsa. Wanda ya san magani da launi kaɗai zai shiga ruɗani ranar da tafiya ta kama shi zuwa wani gari, ko ya kwanta a wani asibiti aka tambaye shi me yake sha.

An kuma sauya ƙa'idar farawa. A da sai garkuwar jiki ta yi ƙasa ake ɗora mutum a kan magani, bayan zama biyu ko uku na wayar da kai. Bayan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015, Najeriya ta rungumi tsarin fara magani ga duk wanda aka samu da ƙwayar cutar, sau da yawa a ranar da aka gwada shi. Ta fuskar lafiya wannan ci gaba ne babba. Sai dai mutumin da aka gaya wa wannan labari da hantsi, da wuya ya riƙe bayanin da aka yi masa da azahar.

"Ba a gan ta ba"

Babu wurin da rashin fahimta ya fi haɗari kamar sakamakon gwajin yawan ƙwayar cutar a jini. Ana yin sa ne watanni shida bayan fara magani, sannan a riƙa maimaitawa. A Najeriya, wanda aka samu da ƙasa da 1,000 a kowace mililita ta jini ana ɗaukar sa a matsayin wanda maganin ke yi wa aiki. Da yawa kuma takan ragu har na'ura ta kasa gano ta.

Idan ma'aikacin lafiya ya ce wa mutum "ba a ga ƙwayar cutar a jininka ba", ya faɗi gaskiya. Amma kunnen da ya shekara yana addu'ar samun waraka zai iya jin wani abu dabam. Ma'anar sakamakon ita ce magani na aiki, a ci gaba da sha. Wanda ya fassara shi da "na warke" ya ajiye magani, zai dawo asibiti bayan watanni ko shekaru da tarin fuka ko sanƙarau.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ya kamata a ce albishir ne amma bai kai ga kunnuwa da yawa ba. Binciken HPTN 052 na 2011, da binciken PARTNER da aka wallafa sakamakonsa a 2016 da 2019, sun tabbatar da cewa wanda ƙwayar cutar ta lafa a jininsa har ba a iya gano ta, ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ƙarara ta ce haɗarin babu shi sam.

A arewacin Najeriya wannan batu ya shafi aure kai tsaye. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf na Kano ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ciki har da na HIV. Dokar na iya sa mutane da dama su san matsayinsu. Amma idan iyaye da waliyyai da limaman da ke ɗaura aure ba su san abin da magani ke iya yi ba, sakamakon gwajin zai zama hukuncin hana aure ne kawai, kuma hakan na ƙarfafa masu neman takardar bogi.

Akwai wani tarkon kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gargaɗi masu shan magani da kada su yi amfani da kayan gwajin da mutum ke yi wa kansa a gida, domin maganin na iya sa gwajin ya nuna babu cutar alhali tana nan. Wanda bai san haka ba zai ɗauka ya sami shaidar warkewa a hannunsa.

Abin da mai kemis ba zai tambaya ba

Dolutegravir magani ne mai ƙarfi, amma yana da abokan gaba da ake sayarwa a kowane lungu. Sinadaran magnesium da aluminium da ke cikin magungunan gyambon ciki da ƙwannafi, da kuma calcium da sinadarin ƙarfe na maganin ƙarin jini, suna kama shi a hanji su hana jiki tsotse shi.

Ƙa'idar ita ce a sha maganin HIV sa'o'i 2 kafin maganin gyambon ciki, ko sa'o'i 6 bayansa. Na ƙarin jini da calcium kuwa ana iya haɗa su da shi idan da abinci aka sha.

Wannan bayani ne da bai wuce minti guda ba. Amma mai shan magani a ɓoye ba zai gaya wa mai kemis na unguwarsu abin da yake sha ba, shi kuma mai kemis ba zai tambaya ba. Mace mai juna biyu da aka ba maganin ƙarin jini a wurin awo tana cikin waɗanda abin ya fi shafa, a daidai lokacin da lafawar ƙwayar cutar ke kare jaririnta.

Haka nan maganin tarin fuka na rifampicin yana sa hanta ta gaggauta fitar da dolutegravir, don haka akan ƙara wa mai shan su tare wata ƙwayar dolutegravir bayan sa'o'i 12. Masu ciwon sukari da ke shan metformin su ma suna buƙatar likita ya sake duba adadin da suke sha.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne tenofovir da lamivudine suna danne ciwon hanta nau'in B. Babban binciken ƙasa na NAIIS da aka gudanar a 2018 ya gano cewa kashi 8.1 cikin ɗari na manya a Najeriya na ɗauke da wannan ciwo. Mai ɗauke da cututtukan biyu da ya yanke magani farat ɗaya yana iya fuskantar tashin ciwon hanta mai tsanani.

Shan magani yau a bari gobe kuwa shi ke ba ƙwayar cutar damar bijire masa. Irin wannan bijirewa ga nevirapine da efavirenz na daga cikin dalilan da suka sa aka koma dolutegravir. A watan Maris na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an fara ganin bijirewa ga shi ma dolutegravir ɗin a wasu ƙasashe, fiye da yadda aka gani a gwaje-gwajen farko. Magungunan da ake komawa gare su idan wannan ya gaza sun fi tsada, sun kuma fi wuyar sha.

Azumi da neman waraka

A kan batun azumin Ramadan, labarin mai daɗi ne. Wani bincike da Farfesa Abdulrazaq Habib da abokan aikinsa suka yi a Kano, aka wallafa a 2009, ya nuna cewa masu azumi ba su gaza marasa azumi wajen kiyaye shan magani ba, sun dai mayar da lokutansa zuwa sahur da buɗa-baki. Wancan kuwa zamanin shan magani sau biyu ne a rana. Da ƙwaya guda a rana abin ya ƙara sauƙi, muddin an tsayar da lokaci ɗaya, kuma likita ya tabbatar ƙoda lafiya take, tunda tenofovir kan taɓa ƙodar wasu.

Inda ake samun cikas shi ne wajen masu da'awar warkarwa. Najeriya ta ga irin wannan tun wajen 1999 da 2000, lokacin da Dokta Jeremiah Abalaka ya yi ikirarin gano maganin cutar, ikirarin da hukumomin lafiya ba su amince da shi ba. A Gambiya kuwa, a watan Janairun 2007 Shugaba Yahya Jammeh ya ce yana warkar da cutar da haɗin itatuwa, aka umarci waɗanda suka shiga shirinsa su daina shan maganin asibiti. Hukumar binciken gaskiya da aka kafa bayan saukarsa ta ji shaidu a kan waɗanda suka rasu a sanadin haka.

A yau ba sai shugaban ƙasa ba. Lasifikar mai tallar magani a tasha da bidiyon TikTok ko saƙon WhatsApp sun wadatar. Addu'a da ruƙya ba su hana shan magani, kuma malamai da dama kan jaddada umarnin neman magani. Alamar haɗari guda ce: duk wanda ya ce sai an ajiye maganin asibiti kafin nasa ya yi aiki.

Allurar lenacapavir da ake yi sau biyu a shekara, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a watan Yulin 2025, ita ma za ta buƙaci bayani. An amince da ita ne domin kare wanda bai kamu ba. Ba waraka ba ce, kuma ba ta maye gurbin TLD ga mai ɗauke da ƙwayar cutar.

Mata da yara

Binciken NAIIS ya nuna cewa kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar a Najeriya, kuma adadin mata ya ninka na maza. Yankin arewa maso yamma ne ke da mafi ƙaranci, kashi 0.6 cikin ɗari, idan aka kwatanta da 3.1 a kudu maso kudu.

Ƙarancin yana da nasa illar. Inda masu cutar ba su da yawa, tsangwama ta fi tsanani, kuma da wuya mutum ya san wani mai irin lalurarsa da zai tambaya. Matar da ke zaune da kishiyoyi da surukai takan juye maganin a wata roba ta jefar da kwalin, ta sha shi lokacin da ido ya ɗauke, ba lokacin da aka tsayar mata ba.

Idan babu magani, tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari na jariran da masu ɗauke da ƙwayar cutar suka haifa kan kamu, a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. Da magani adadin kan sauka ƙasa da kashi 5. Uwar da ta ɗauka maganin na lokacin goyon ciki ne kawai, ta daina bayan suna, ta bar jaririn a fili a tsawon watannin shayarwa. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan yaran da ke kamuwa a duniya.

Yaran da aka haifa da cutar kuma suka girma a kan magani su ne suka fi kowa zama cikin duhu. Iyaye da yawa kan ce masu maganin ƙarin jini ne ko na wata lalura dabam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sanar da yaro gaskiya sannu a hankali tun yana shekarun firamare. Matashin da bai san dalilin shan magani ba, ranar da ya tafi makarantar kwana ko ya fara jin kansa, shi ke nan.

Wa zai biya kuɗin bayani?

A Afirka ta Kudu, ƙungiyar Treatment Action Campaign da aka kafa a 1998 ta mayar da ilimin magani makamin gwagwarmaya. Ta koya wa talakawa sunayen magunguna da ma'anar sakamakon gwaji a harsunansu, har suka iya ja da gwamnatin Thabo Mbeki da ke shakkar maganin. A Najeriya ƙungiyar NEPWHAN ta masu ɗauke da ƙwayar cutar, da ƙungiyoyin taimakon juna a asibitoci, da iyaye mata da ke jagorantar 'yan uwansu masu juna biyu, su ne suka ɗauki irin wannan nauyi.

Akasarin waɗannan ma'aikata da kuɗin tallafin waje ake biyan su ɗan alawus. Amurka ta ce ta kashe fiye da dala biliyan 6 a kan cutar a Najeriya ta hanyar PEPFAR. Da Shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje a ranar 20 ga Janairun 2025, an yi sassauci ga magungunan ceton rai, amma ayyukan cikin al'umma da dama sun tsaya, daga baya kuma aka rufe hukumar USAID.

A watan Fabrairun 2025 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da Naira biliyan 4.8 domin sayen magunguna, aka kuma ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na shekarar domin cike giɓin. Matakin ya nuna abin da gwamnati ta fi tsoro, wato a wayi gari babu magani kamar yadda aka yi a 2003. Kwalin magani abu ne da ake ƙirgawa a nuna wa majalisa. Minti 15 da mai ba da shawara zai yi da mara lafiya ba ya fitowa a irin wannan lissafi, don haka shi ake fara zaftarewa.

Ga shi kuma tun lokacin annobar korona a 2020 aka faɗaɗa tsarin bai wa mutum maganin watanni 3 zuwa 6 a lokaci guda. Tsarin ya rage cunkoso da kuɗin mota, marasa lafiya kuma sun yi na'am da shi. Amma yana nufin mutum na iya ganin ma'aikacin lafiya sau biyu kacal a shekara, a ɗakin da wasu da dama ke jira a bakin ƙofa, kuma takardar bayanin da ke cikin kwalin da zai tafi da shi gida da Turanci ko Faransanci aka rubuta ta.